Daga Gora Zuwa Mataji: Zomo a Bakin Tafkin Kainji

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji magabata, kuma a ƙasar Yauri ta da wannan magana ba ta bukatar gyara. Zomo ɗan jeji ne. Idan kaka ta wuce, aka kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe aka sa mata wuta, sai samari su fita da gora da karnuka ta bayan Yelwa, ko tudun Shanga, ko dazukan da ke tsakanin Birnin Yauri da Wara. Wanda ya dawo da zomo a rataye ya san abin da ƙafarsa ta biya. Ba mai tambaya ko fatar zomo tana ƙaiƙayi, gashinsa kuwa wuta ke cinyewa wurin babbaka. Yau akwai gidaje a Yelwa da za ka shiga ka tarar da yarinya a kan tabarma, farin zomo a cinyarta, tana bin bayansa da mataji, har ta raɗa masa suna.

Zomon da kakanni suka kora da wanda jikoki ke tajewa ba jinsi ɗaya ba ne, ko da kunnuwa sun yi kama. Na jeji ba ya haƙa rami. A gindin ciyawa yake kwana, 'ya'yansa kuma da gashinsu ake haifarsu, ido a buɗe, nan da nan su kama tsalle. Na gida asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal ne, gwanin haƙa rami ne, zomanya tana ɗaukar ciki wajen kwana 31 ta haifi 'ya'ya tsirara, ido a rufe, sai sun yi kamar kwana 10 suke buɗe shi. Su biyun ko barbara ba sa yi su haihu. Na gida baƙo ne a wurinmu, ya zo da rigar ƙasar da ranarta ba ta kai tamu ba, inda in zafi ya matsa masa sai ya shige ƙarƙashin ƙasa ya huta. Yawancin wahalar da yake sha a hannunmu daga nan ta samo asali.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Kogin Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai da dama na Gungawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni a tudu. Gonaki suka yi ta cin jeji, mutane suka ƙaru, zomon daji ya ja baya. A 'yan shekarun nan ma rashin tsaro ya sa ba kowane daji uba zai bar ɗansa ya shiga da sunan farauta ba. Shi kuwa na gida ta hannun malaman gona da makarantu ya shigo. Gana ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa tun 1972, a Nijeriya kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansa. Da tsarin tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, nama ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, sai aka yi ta kwaɗaita wa mutane dabbar da ba ta cin wuri, ba ta kuka, ga saurin haihuwa, ga shi halal ce.

A ƙuruciyarmu kiwon zomo sana'ar 'yan makaranta ce. A samu tsohon ɗaki da ba kowa, a toshe ƙofa da langalanga, a saki mace biyu da namiji, su haƙa ramukansu a gindin bango. Mu dai namu harawar gyaɗa da ganyen dankali da dusa. Da kunne ake ɗaga shi, haka kowa ke yi, har malamin da ya kawo mana irin. Idan gashi ya cika ɗakin sai a ce zomaye suna sake riga, a share a zubar. In kirci ya kama ɗaya, ko a yanka shi tun bai rame ba, ko a nufi garejin makanike a roƙo baƙin mai. Kuɗin makaranta da kayan Sallah ake nema, ba abokin hira ba.

Wayar hannu ce ta kawo kashi na uku na labarin. Yara suna ganin zomaye a TikTok da Facebook, wasu da ɗan ƙyalle a wuya, wasu a kan kujerar falo, sai su ce su ma suna so. Masu kiwo suka gane akwai kasuwa, suka fara kawo farin Niyu Zilan mai jan ido (wanda duk da sunansa a Amurka aka samar da shi), da Cincila mai ruwan toka, har da Angora mai dogon gashi. Ba na cikin masu yi wa wannan sabon yayi dariya. Yaron da ya koyi riƙe abu mai rai da sannu ya koyi wani abu. Amma zomon da aka raba da raminsa, aka ɗora a keji ko aka shigar ɗaki, an karɓe masa sanyin ƙasa da taushinta, kuma dole wanda ya karɓe ya biya.

Wata bazara 'yar ƙanwata ta tare ni a zaure, hannunta cike da farin gashi.

"Kawu, dubi abin da ke fita daga jikinsa. Ko ciwo ne?"

Kafin in buɗe baki kakarta ta amsa daga tsakar gida: "Datti ne. Ki kai shi bakin ruwa ki cuɗe shi da sabulu. Ragon layya ma wanka ake yi masa, balle wannan ɗan abin."

Maganar Inna maganar mutanen bakin ruwa ce. Mu da muka tashi a gaɓar Kwara, duk abin da ya ɓaci ruwa muke kai shi: tufafi, tukwane, doki, babur, yaro mai ƙiriniya. Sai ga dabba ɗaya da wannan ɗabi'a ke kashewa. Gashin zomo hawa biyu ne, dogo a sama, mai laushi cunkus a ƙasa, kuma in na ƙasan ya jiƙa yana daɗewa bai bushe ba. Sanyi ya kama shi ko da rana ake, fatar ta jiƙe ta yi laushi, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Ga tsoro. Zomo dabba ce da kowa ke farauta, in aka tsoma shi a ruwa gani yake ajali ne ya zo. Yana iya sandarewa don firgita, ko ya yi harbi da ƙafafun baya har ƙashin bayansa ya karye, domin ƙashinsa marar nauyi ne ƙwarai, naman cinyarsa kuwa mai ƙarfi. Shi da kansa yake wanke kansa da harshe da ƙafafun gaba, sau da yawa a yini, kuma zomo mai lafiya a wuri mai tsabta ba ya wari.

To, a wannan lasar matsalar take. Kyanwa in ta haɗiye gashi tana amayar da shi. Zomo ba ya amai, halittarsa ke nan, duk abin da ya shiga sai ta baya zai fita. A kwanakin sake gashi yana haɗiye mai yawa, in kuma cikinsa ba ya samun ciyawa mai kaushi da isasshen ruwa, sai hanji ya yi sanyi, gashi da abinci su dunƙule su bushe. Alamar farko a ƙarƙashin keji ake ganinta: kashin ya fito a jere, gashi ya haɗe shi kamar tsakiya a zare. Daga nan ya ƙanƙance, ya ragu, ya ɗauke. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ba a jira da shi zuwa gobe, wurin malamin dabbobi ake nufa. Ana yawan cewa gwanda ko abarba na narkar da gashin ciki. Ba sa narkarwa. Abin da ke tura shi waje busasshiyar ciyawa ce da harawa da ruwa, kullum, ba yankewa. A nan mun fi wasu sa'a. Tafkin yana cika yana janyewa kowace shekara, ga ruwan damina, ga kuma baƙin ruwan da ke isowa da rani daga tsaunukan Gini ta Mali, don haka bakin tafki ba ya rasa burugu da ɗanyar ciyawa lokacin da tudu ya ƙone. Sai dai a shanya ta ta sha iska kafin a ba shi, a kuma guji ciyawar gefen gonakin albasa da shinkafa da aka yi wa feshi.

Littattafan Turawa suna cewa zomo yana babbar zubar gashi sau biyu a shekara, in za a shiga zafi da in za a shiga sanyi, domin tsawon yini ne ke motsa abin, kuma a can yini yana tsawo yana gajarta sosai. A Yauri bambancin yinin bazara da na hunturu kaɗan ne, shi ya sa namu ba sa bin kalandar kowa. Abin da na fi gani shi ne zuba mai yawa in hunturu ya juya baya, sai ƙanana a tsakani, ga kuma ta ƙuruciya, lokacin da ɗan zomo ke sake gashin yarinta cikin watanninsa na farko. Yawanci daga kai take farawa, ta bi gadon baya, ta gangaro haƙarƙari zuwa gindi, har ka ga layi tsakanin tsohon gashi da sabo.

Abin da na nuna wa yarinyar bai wuce hannu da kwanon ruwa ba. A zauna a ƙasa, don in ya zille kada ya faɗo daga sama. Wurin ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki. Kunne ba mariƙi ba ne. Jijiyoyin jini ne cike da shi, ta nan yake fitar da zafin jikinsa tun da ba ya gumi irin namu. A tsoma tafin hannu a ruwa, a yarfe har ya zama danshi kawai, a shafa daga wuya zuwa gindi yadda gashin ya kwanta. Mataccen gashi zai manne a tafi, a murza ya dunƙule, a yar, a sake. Tukkun da suka taso suka yi cirko-cirko a gindi ana zare su da yatsu biyu, wanda ya nuna zai biyo hannu da kansa, wanda ya ƙi a bar shi sai gobe. In za a sa mataji, a nemi mai faɗin haƙora marar tsini, ko buroshin jarirai. Buroshin ƙarfe irin na karnuka yana karce fata. Kwanakin zuba a yi kullum, na ɗan lokaci kaɗan, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Sauran lokaci sau ɗaya a mako ya isa. Akwai kuma wasan da yara ke yi na kwantar da zomo rigingine ya yi shiru, su ce ya yi barci. Ba barci ba ne, suman tsoro ne, a daina.

Fatar zomo siririya ce fiye da yadda ido ke zato, kuma ba ta manne da nama sosai. In gashi ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, mutum ya ja shi sama ya sa almakashi, fatar tana biyo dunƙulen, sai ya yanke ta bai sani ba, ƙaramin yanka kuma ya yage ya zama babba. Dunƙule da yatsu ake warware shi daga baki zuwa gindi. In ya faskara, a zura mataji tsakaninsa da fata, a yanke abin da ke saman matajin kaɗai. Reza kam ko kusa. In gindinsa ya ɓaci da kashi, a barbaɗa busasshiyar gasarar masara mai laushi, a murza a hankali, dattin ya ɓare a taje. In dole sai ruwa, to tsumma da ruwan ɗumi, wurin da ya ɓaci kaɗai, a kuma tsane shi sarai. Hodar kwalliya da turare da man shafawa na mutane ba su da wuri a jikinsa, domin duk abin da aka shafa masa a cikinsa zai kwana.

Wannan ne ya sa baƙin mai ya fi komai ba ni haushi cikin abubuwan da muka gada. Man da ya gama yawo a cikin inji cike yake da guba, a shafa wa dabbar da aikinta lasar jiki. Wani lokaci kircin ya mutu, mai shi ya yi ta yabon magani, bayan kwanaki zomon ya bi bayan kircin, a ce kwana ne ya ƙare. Ilimin da ake bukata a nan ɗaya ne, a iya raba sake gashi da ciwo. A hura gashin a dubi fata. In tana da tsabta, sumul, ga sabon gashi yana tsirowa, ba komai. In akwai ɓawo mai kauri a cikin kunne, zomo yana girgiza kai yana susa, ƙwayar kircin kunne ce, kuma ba a ɓamɓare ɓawon, domin ɗanyen nama ne a ƙarƙashi, da kansa zai zube in an yi magani. In ɓawon fari ne a hanci da gefen ido da yatsu, ƙazuwa ce. In amosani ne ya cika tsakanin kafaɗu, wata ƙwayar ce mai zama cikin gashi. In kuwa fili ne zagayayye ya kwaile, a yi zaton makero, a raba shi da yara, don yana kama mutum. Zomanya da ke tsige gashin ƙirjinta da na cikinta tana tarawa a lungu, ita shimfiɗar haihuwa take yi, wani lokaci ma cikin ƙarya ne, a ƙyale ta.

Maganin waɗannan ƙwayoyi ba baƙo ba ne a bakin kogin nan. Aibamektin ne, sinadarin da ke cikin Mectizan, ƙwayar da aka yi shekaru ana rabawa a ƙauyukan Kebbi da sandar awon tsawo don yaƙi da makantar da baƙin ƙudan kogi ke yaɗawa. Tun 1987 kamfanin Merck ke bayar da ita kyauta, kuma mutum biyu da suka gano tushen maganin, William Campbell da Satoshi Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015. A wurin dabbobi ya fara aiki kafin ya zo ga mutane. Sai dai kwalbar da ake sayarwa a kasuwannin dabbobinmu don shanu aka haɗa ta, kuma abin da zomo mai kilo 2 ke bukata daga ciki bai kai kashi 1 cikin 10 na mililita ba. Sirinjin shanu ba ya iya auna wannan, kintace kuma kisa ne. Aikin malamin dabbobi ne, da ɗan sirinji irin na masu ciwon sukari, a kuma maimaita bayan kamar mako 2 saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, a wanke kejin a shanya a rana. Akwai magunguna biyu da masu kiwo ke ɗauka da kyakkyawar niyya su yi ɓarna: maganin ƙuma na karnuka mai suna Frontline, wanda guba ne ga zomo, da kafso irin su Ampiclox da Amoxil da ake kwancewa a ruwan sha, waɗanda ke kashe ƙwayoyin amfani na hanjinsa su jawo zawon da ba ya tashi.

Kejin waya da ya maye gurbin tsohon ɗaki ya zo da alheri, ba na musu. Kashi da fitsari suna zubewa ƙasa, ciwon hanjin da ke kwashe 'ya'ya da damina ya ragu, kwarkwasa da gafiya da maciji ba sa samun hanya da sauƙi, ba kuma ramin da zai rufta da ruwan Agusta. Amma tafin ƙafar zomo ba shi da tsoka irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai tsakanin fata da ƙasa. Waya tana cinye gashin, dunduniya ta yi ja, ta fashe, ta yi gyambo mai wuyar warkewa, musamman ga manya masu nauyi. Guntun katako ko tabarmar kaba a kusurwa ɗaya ya isa ya raba shi da wannan. Gashin tafin kuma ba a taɓa aske shi, ko ya yi datti. Farce, wanda da haƙa rami ke cinyewa, yanzu sai an yanke, bakin kawai, ban da wurin da jini ke gudana.

Sai zafi. Zomo ya fi jin daɗi in awo bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba, daga 30 ya fara wahala, Yauri kuwa a Maris da Afrilu tana haura 40. Keji a ƙarƙashin rufin kwano a irin wannan rana kabari ne. A kai shi inuwar mangwaro ko darbejiya, a ɗora zana ko ciyawa a kan rufin, a ajiye tulun ƙasa mai ruwa a ciki ya jingina da shi. In yana haki, a shafa danshi a kunnuwa kawai. Mataccen gashin da aka cire masa a wannan lokaci ragin kaya ne na gaske. Da damina kuma abokin gaba ƙuda ne. Ga danshin bakin tafki, ga ƙarnin kifi inda ake banda da shanya. Ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindi, cikin yini guda tsutsa ta fito ta fara cin fata. Shi ya sa da damina a ɗaga shi a duba ƙarƙashin wutsiya safe da yamma. Zomanya mai babban maƙogwaro da ke sha a faffaɗan kwano ma tana jiƙa haɓarta kullum har fatar ta ruɓe, gara kwano mai ƙaramin baki ko kwalba mai bututu.

Sabon zomo daga kasuwa ko daga mota ba a haɗa shi da na gida sai ya yi makonni a ware. A da kirci kaɗai ake tsoro. A 2020 kuwa aka tabbatar da ɓullar annobar zubar jini ta zomaye a jihohin Kwara da Oyo, mai kashewa farat ɗaya, kuma zomayen da ake kawo mana da yawa ta wannan hanya suke biyowa.

'Yar ƙanwar tawa yanzu ta ƙware, har ƙawayenta ke kawo mata nasu ta duba musu kunne. Kwanan baya ta nuna mini hoton Angora a waya, dunƙulen gashi da ƙyar ake ganin idonsa, wai shi take tara kuɗi ta saya. Na ce mata wannan don ulu aka yi kiwonsa, sunansa ma daga birnin Ankara na Turkiyya ya samo shi, gashinsa ba ya daina tsawo, sai an taje kullum an kuma rage shi duk bayan wata 3, in an yi sakaci ya dunƙule har fata ta ruɓe a ƙarƙashi. A zafin Yelwa kuwa ko an yi duk wannan, azaba ce. In dai zomon da zai rayu take so, ta je wurin mai kiwo na nan kusa ta zaɓi mai gajeren gashi, ruwa biyu, wanda uwarsa da kakarsa suka ga bazarar Yauri suka wuce, ta hura gashinsa ta leƙa kunnensa kafin ta biya. Mai dogon gashin a bar wa mutanen Jos da Mambila.